Salansar da Ta Raini Kyauta

Tau! Tau-tau-tau!

Kafin Bawa ya ɗage ƙafa daga kan totur, layin 'yan kayan gyara na kasuwar Talata Mafara ya dare. Mai rake ya saki baro, mai shayi ya tsallake teburinsa da buta a hannu, wani dattijo da ya zo sayen taya ya shige cikin tayar ya dunƙule. Daga bakin titi 'yan sa-kai suka taho a guje suna tambayar ta ina aka shigo.

"Salansa ce! Jama'a, wallahi salansa ce!" Mas'udu mai shago ke ihu daga ƙarƙashin kanta, inda shi ma bai san lokacin da ya shige ba.

Bawa bai kula kowa ba. Ya kashe motar, ya diro, ya zagaya bayan a-kori-kurar tasa ya leƙa. Bijimin na nan yadda ya bar shi, fari tas, kwance ya miƙe wuya a kan buhu, haƙarƙari a waje, tozo ya langaɓe gefe guda. Suwaiba, matar Bawa, na zaune daidai kansa da ƙwaryar dusa a cinya.

"To?" in ji Bawa.

"Ko kunne bai kaɗa ba, Malam. Kasuwa duk ta watse, shi ko ƙuda bai kora ba. A kwance wagga a ɗaura wata."

Sunan bijimin Kyauta, kuma duk Bakura babu wanda bai san shi ba. Uwarsa ita ce saniyar da mahaifin Suwaiba ya ba ta kafin ya rasu, ita kaɗai ta rage daga garken gidansu. A hanyar Birnin Tudu haihuwa ta kama ta, ta haihu, ba ta tashi ba. Bawa ya sungumi maraƙin da jiƙarsa ya sa a bayan mota, Suwaiba ta hau ta ɗura masa madara da kwalba, mota na tafiya, salansa na kuka a ƙarƙashinsu.

Salansar kuwa ba irin ta mutane ba ce. Ta tsufa, ta huhhuje, Bawa ya yi ta liƙa mata gwangwanin madara da na tumatir yana ɗaurewa da wayar shanya, har ta daina ƙarar mota ta koma wani abu daban. Takan fara da "mbuuu" mai tsawo daga can ciki, ta ƙare da tari. Da wannan murya Kyauta ya buɗe ido. Ya girma, ya yi ƙaho, ya yi tozo, amma bai taɓa sa baki cikin abinci ba sai an tada motar. Safe da yamma Bawa zai kawo bayanta kusa da turke, ya ba ta wuta, ta yi kuka, Kyauta ya amsa, sannan ya ci. Man da kalacin Kyauta ke sha ya kusa kai na zuwa Mafara da dawowa.

Bawa ya tsani salansar nan kamar ciwon haƙori. A tasha an raɗa masa Bawa Mai Saniya. In ya gifta ta gaban masallaci, liman kan dakata da karatu sai ya wuce. Saboda haka ranar da ta faɗa rami ta tsinke, ko haushi bai ji ba. Ya miƙa wa wani ɗan gwangwan ita har da godiya, ya zo shagon Mas'udu ya zaɓi sabuwa fil, mai sheƙi, mai shiru. Ya shiga gida babu wanda ya san ya iso, kaji ma ba su kauce ba. Ya ji kansa kamar wani alhaji.

Da yamma ya tada mota a gaban turke. Kyauta ya dubi motar, ya dubi Bawa, ya juya wa dusa baya.

Tun daga ranar bai ci ba. Likitan dabbobi ya zo ya duba baki, ya duba kofato, ya ce lafiyarsa ƙalau, maraici ke damunsa. Bawa ya kwanta ƙarƙashin mota ya yi ta kwaikwayon kukan da bakinsa har muryarsa ta dishe, Kyauta ya leƙo ya gan shi, ya yi ajiyar zuciya. Maƙwabcinsu, wanda ya taɓa naɗar ƙarar a waya don ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya kawo aka kunna. Kyauta ya shinshini wayar, bai ji ƙaurin hayaƙi ba, ya kwanta. Daga wannan kwanciyar bai sake miƙewa ba.

"Shi kaɗai Baffana yab bar mini," Suwaiba ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Uwatai ta farko ta mutu ban ce komi ba, don Allah ne ya ɗauke ta. Ta biyu kai kab ba ɗan gwangwan."

Shi ne ranar Talata aka tara majiya ƙarfi, aka ciccibi Kyauta aka sa a mota, aka kawo shi kasuwa ya zaɓi salansa da kansa.

Mas'udu ya fito daga ƙarƙashin kanta yana kakkaɓe riga. Ya ba 'yan sa-kai haƙuri, ya saya musu rake, ya dawo da fuskar ciniki kamar babu abin da ya faru.

"Direba, wagga da munka gwada ta samari ce, masu son a san sun wuce. Ban so ka ɗauke ta ba, amma tunda Sallau mai walda ya yanke bakinta ya daidaita da motarka, ta zama taka."

"Tawa? In kai ta ina? In tada ta a Bakura a tashi gari?"

"Wannan kai da ita. Yanzu dubi wagga." Ya jawo wata daga rataye. "Ta Baljiyam. Wani Bature ya yi amfani da ita, bai taɓa shiga rami ba. Tukunyarta babba, numfashinta a hankali, injin ba ya wahala."

"Tana kuka?" Suwaiba ta tambaya daga bayan mota.

"Hajiya, mi za ya sa ta kuka? Sabuwar shigowa ce."

"To ba mu so."

Sallau mai walda, wanda tun safe yake kwance ƙarƙashin motar yana ɗaurawa yana kwancewa, ya turo kai waje. "Maigida, ka bari a gwada. Sa ne, ba ya karanta inda anka yi ta."

Aka gwada ta Baljiyam. Ta yi wani lallausan gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Kyauta ya lumshe ido, Suwaiba ta yi salati don ta ɗauka tafiyar ke nan. Aka gwada wata mai baki biyu, wadda Mas'udu ya rantse ba ta tsatsa ko an jiƙa ta a dam ɗin Bakolori, kuma tana ƙara wa mota gudu. Kyauta ya saki fitsari. Aka gwada bututu zalla babu tukunya, duk wanda ke layin ya toshe kunne, Kyauta bai san ana yi ba.

Kafin azahar mutanen da suka gudu sun dawo sun kewaye motar, kowa ya zama masani. Mai shayi ya ce a huda ta Baljiyam ɗin da ƙusa. Dattijon taya ya ce kukan saniya daga maƙogwaro yake fitowa, saboda haka matsalar tana wuyan bututu ba tukunya ba. Wani mahauci ya tsaya can gefe yana auna cinyar Kyauta da ido. Suwaiba ta gan shi, ta cire mayafinta ta rufe cinyar.

Da aka ɗaura ta wata tsohuwar tarakta, sai kunnen Kyauta na hagu ya ɗan motsa.

"Ya kaɗa! Ya kaɗa!" Jama'a suka ɗauka. Suwaiba ta tura masa ƙwarya. Kyauta ya ɗaga kai, ya saurara, ya saurara, sannan ya mayar da kan ya ajiye, ya fi da nauyi.

"Wagga gwaggotai ce," Suwaiba ta ce. "Shi uwa yake so."

Bawa ya zauna a kan taya ya dafe kai. Yana kallon sabuwar salansarsa mai shiru, wadda aka kwance tun safe aka jingine a bango, tana sheƙi a rana. Kwanakin da ya yi da ita su ne kaɗai a rayuwarsa da ya ji abin da fasinja ke faɗi a gidan gaba. Har wata rana ya ji rediyon motar, ashe tana aiki.

Sallau ya sake turo kai. "Wai tsohuwar mi take kama da shi? In an gaya mini, sai in ƙera irinta."

"Gwangwanin madara a tsakiya, na tumatir a wuya, wayar shanya koriya..." Bawa ya fara lissafi.

"Da wani murfin tukunya a gindi?"

Bawa ya miƙe tsaye. "Ina kag gan ta?"

"Ni na yi mata walda! Wani Hayatu, manomin rani daga Maradun, ya saye ta hannun ɗan gwangwan, yac ce a ɗaura masa a injin ban-ruwa, wai tsuntsayen jan-baki sun dame shi a shinkafa. Na ce masa wagga ba salansa ba ce, gawa ce. Yac ce gawar yake so."

"Kuma tun safe kana kwance nan ba ka faɗi ba?"

"Ai ba a tambaye ni ba. Ɗaura aka ce, kwance aka ce."

Ba a tsaya sallama ba. Bawa ya sa aka mayar masa da mai shirun, ya jefa mai harbin nan ta samari a baya kusa da wutsiyar Kyauta, tunda ta zama tasa, ya ɗauki hanyar Maradun. Motar na tafiya sulu-sulu kamar a kan auduga, abin da ya ƙara ɓata masa rai, don yana jin duk numfashin Kyauta ta tagar baya, yana kuma jin Suwaiba na yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, yadda mahaifinta ke yi wa shanu.

Ba su sha wahalar neman gonar Hayatu ba. Suna sauka daga kwalta suka kama hanyar fadama, sai iska ta kawo musu ita daga nesa.

Mbuuu. Sai tari.

Muryar ta ɗan yi siriri, kamar tsohuwar ta koma yarinya, amma ita ce. Bawa ya ji motar ta karkata dama, ta karkata hagu. Ya duba madubi. Babu komai a ciki sai farin ƙirji.

"Malam, ya tashi! Tsaya! Ya tashi!"

Kyauta bai jira a tsaya ba. Bijimin da majiya ƙarfi suka ciccibo da safe ya tsallake bodi kamar ɗan akuya, ya dira cikin laka, ya ɗaga kai ya amsa da wani kuka da ya girgiza gilashin mota. Sannan ya yanki gona, ba ta kunya ba, ta tsakiyar shinkafa, ya nufi inda hayaƙi ke tashi. Suwaiba ta bi shi da ƙwarya a ka. Bawa ya bi Suwaiba, takalminsa ɗaya ya tsaya a laka bai waiwaye shi ba.

Suka iske shi tsaye jikin injin ban-ruwa, yana goga wuya a salansar duk da zafinta. Ya lashi gwangwanin tumatir. Sannan ya sunkuya ya fara ci. Ba dusa ba. Shinkafar Hayatu, wadda ta yi kai ta sunkuya, ya kama daga gefe yana yi mata aski.

"Kai! Kai! San wa ne wanga?"

Wani gajere mai malfa ya taho yana tsalle a kan kunya da fartanya a hannu. Da ya iso ya ga baƙi, har da mace, sai ya sauke fartanyar, don ko gona na ci da wuta ba a fara magana babu gaisuwa.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau. Ya aiki? Ya ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara. Ya iyali? Ya gajiya?"

"Babu gajiya. Ya mutanen gida?"

Duk tsawon gaisuwar idon Hayatu na kan bakin Kyauta, wanda ya gama layin farko ya shiga na biyu. Da aka kai ƙarshe ya ce, "Madalla. To, bawan Allah, ka janye sanka ko in yi masa abin da ba a yi wa baƙo."

Bawa ya yi bayani tun daga hanyar Birnin Tudu. Hayatu ya saurara, ya dubi salansar, ya dubi bijimin.

"Watau uwatai ce nake ban-ruwa da ita."

"Awo."

"To Allah ya ba ku haƙuri, ba ni bayarwa. Tun da na ɗaura ta, jan-baki ko ɗaya bai sauka gonata ba. Da, ni da iyalina tun asuba muke kaɗa gwangwani muna ihu har maƙoshi ya tsage. Yanzu dubi can." Ya nuna gonar maƙwabci, inda tsuntsaye suka yi baƙi kamar hadari. "Ko nawa za ka ba ni, tsuntsu ba ya jin tsoron kuɗi."

"To mu bar maka san," Suwaiba ta ce, tana shafa tozon Kyauta. "Tunda nan uwatai take, nan za ya zauna. Ci gare shi, amma ba ya da faɗa."

Hayatu ya dubi layi na uku da ke ɓacewa. "Hajiya, wanga ai ya fi jan-baki."

Aka yi cirko-cirko. Injin na kuka, Kyauta na ci, babu mai mafita. Bawa ya sosa ƙeya, ya waiga wurin motarsa, sai ya tuna abin da ke kwance a bayanta.

"Malam Hayatu, kashe injin. Ba ni sifana."

Ya koma da ƙafa ɗaya babu takalmi, ya saɓo salansar samarin nan. Da aka kwance tsohuwar, Kyauta ya daina ci nan take, ya bi Bawa taku-taku yana shinshinar ta a kafaɗarsa. Aka ɗaura ta samari a injin, aka cusa tsumma inda ba ta zauna ba, aka ɗaure da waya.

"Kowa ya riƙe zuciyatai," in ji Bawa. "Ja igiya."

Tau! Tau-tau-tau-tau!

Jan-bakin gonar maƙwabci suka tashi gaba ɗaya, da na gonar da ke bayanta, da na wadda ke ƙetaren rafi. Suka haɗu a sama suka yi wani baƙin dunƙule, suka nufi gabas ba su ko waiwayo ba. Manoman fadamar duk sun kwanta rub da ciki a cikin laka. Hayatu kaɗai ke tsaye, malfarsa ta faɗi, yana dariya har da hawaye.

"Ɗauki gawarka!" ya yi ihu a kunnen Bawa. "Ɗauki! Shinkafar da yac ci ma na yafe!"

Saura abu guda. Bawa ya shiga ƙarƙashin motarsa da sifanar Hayatu. Ya daɗe yana kallon sabuwar salansar, babu tsatsa, babu gwangwani. Ya shafa ta. Ta gefen taya yana hango ƙafafun Kyauta huɗu da na Suwaiba biyu, duk suna jira. Ya kwance ta, ya turo ta waje, ya jawo tsohuwar ya ɗaure da wayar shanya, ƙulli irin wanda hannunsa ya saba.

Ya murza makulli.

Mbuuu. Tari.

Wannan karon da cikakkiyar muryarta ta da. Kyauta ya hau bayan mota da kansa, ya tura baki cikin ƙwarya, kafin su hau kwalta ya lashe ta tas. Suwaiba ta ƙwanƙwasa tagar baya tana faɗin wani abu tana murmushi. Bawa bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya gyaɗa kai.

Suka ratsa Mafara, 'yan tasha na ɗaga hannu suna kiran Mai Saniya ya dawo. Suka wuce wata ruga kusa da Birnin Tudu, inda Bawa ya ba ta wuta sosai saboda hawa, ta saki wani dogon kuka da bai taɓa jin ta yi irinsa ba. Ga alama zaman fadama ya buɗe mata murya. La'asar sakaliya suka shiga Bakura, liman ya dakata da karatu, kaji suka watse.

A gida Suwaiba ta zuba harawa, ta jiƙa dusa da kanwa. Mota na kuka, Kyauta na ci, tozonsa har ya fara miƙewa. Sabuwar salansar kuwa ta ɗauke ta ta tokare ƙofar akurkin kaji da ita, ta ce daidai tsawon ke nan.

Bawa na wanke lakar ƙafa aka yi sallama.

A ƙofar gida ya iske wani dogon dattijon Bafulatani da bai taɓa gani ba, sanda a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga, a hannunsa guntuwar igiya mai kaurin damtse, bakinta a tsinke. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, yana yi yana waiwayen bayansa.

"Kai ne mai saniyar da ta wuce ta rugarmu ɗazu tana kira?"

"Baffa, ba saniya ba ce. Mota ce. Ga ta can."

Dattijon ya leƙa. Ya dubi motar tun daga gaba har baya, ya saurari kukan, ya jinjina kai.

"Lalle mota ce. Ni na gane." Ya ɗaga guntuwar igiyar. "Amma bijimin garkena bai gane ba. Ya tsinke igiya, ya ratsa shinge, na biyo ta gajeriyar hanya don in riga shi. Bai taɓa neman saniya ya fasa ba."

Daga bakin unguwa aka ji mata na ihu suna kwashe tallan yamma. Sannan wani kuka mai kauri ya taso, wanda ya sa kwanukan da ke kife a tsakar gida suka yi ƙara.

Bawa ya juya da gudu zai kashe mota.

"Kar ka taɓa makullin nan, Malam," Suwaiba ta ce daga gindin turke. "Bai gama ci ba."